Jatau Mai Iri da Ƙofar da Ya Ƙi Buɗewa

Idan liman ya sallame sallar asuba a masallacin bakin kasuwar Kaura, kowa da inda yake nufa. Mai shayi ya nufi tukunyarsa, mahauta su gangara kwata. Malam Jatau shi bayan masallaci yake zagayawa, wurin wani ɗan fili da ba a taɓa ginawa ba. Sai ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannunsa cikin ƙasa. An yi ruwa ko ba a yi ba, sai ya yi wannan. Ya ɗebo ƙasar ya murza, ya kai hanci, ya kakkaɓe, sannan ya miƙe yana dafe da gwiwa ya wuce rumfarsa. Shekara arba'in da 'yan kai yana haka. 'Yan dako suna tsokanarsa wai sisin da ya faɗi masa tun zamanin Turawa yake nema.

Rumfar ba abin kallo ba ce. Kwano ne da ya sha tsatsa, da benci guda, da tebur mai ƙafa uku, dutse ya tsaya a madadin ta huɗu. A gaba gishiri ne da kanwa da daddawa, ashana, sabulu, igiya, ruwan hauya da na sungumi. Baƙo zai ce ɗan tireda ne kamar kowa. Amma bayan teburin akwai ɗakuna biyu na ƙasa, babba da ƙarami, kowanne da kwaɗonsa. Iri ne a ciki: gero, maiwa, dawa, wake. Bana ido ya yi masa rauni, ya miƙa makullan ga ɗansa Bilyaminu ya koma gida. Ba wanda ya tara masa mutane, ba wanda ya yi jawabi. Shi ya sa ni Tambari, manomi daga Ɗan Isa, na ce sai an rubuta wannan, ko da kuwa ni ne zan rubuta.

Ga yadda yake aikinsa. Da kaka, tun ba a gama girbi ba, zai hau kekensa, daga baya babur, ya shiga Galadi, ya shiga ƙauyukan Zurmi, ya biyo ta wajenmu. Ba ya sayen hatsi a masussuka. A tsaye yake saye, cikin gona. Ya bi kunya-kunya yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya, wadda ta cika ta yi nauyi, ba ɓurtuntuna, ba cin tsuntsu, ita yake yanka. Ya ɗaure ƙananan dammuna, kowane gari da launin tsumman da yake ɗaura masa: Galadi baƙi, Zurmi shuɗi, Ɗan Isa ja. Ya barbaɗe su da toka, ya cusa ganyen bedi, wato dogon yaro, saboda ƙwari, ya rataye. Ba ya sussuka sai ranar da zai sayar.

Idan ka zo saye kuma sai ka sha tambaya kamar gaban alƙali. Ina gonar take? Jigawa ce ko laka? Me ka shuka bara? In ka ce jigawa kuma ka nemi dawar fadama, ka fito da kuɗinka ka jera su a teburin, ba zai auna maka ba.

Sai babbar dokarsa, wadda ya gada wajen mahaifinsa. Ba ya buɗe ɗakin iri sai danshi ya wuce tafin hannunsa ya kai wuyan hannu. In bai kai ba, ko wane ne kai, sai ka jira. Dalilinsa biyu ne. In ya sayar kafin ruwa, mai yunwa zai dake shi ya ci. In ya sayar a kan yayyafi, za a zuba a ƙasa ya tsiro ya ƙone, kuma shekara ba ta ba da iri sau biyu. Mun yi ta gunaguni a kan wannan doka, amma muna bi, don ba mu da wani wurin zuwa.

Sai aka ba mu jihar kanmu. Ma'aikata suka ƙaru, motoci suka ƙaru, kuɗi ya fara yawo a hannun mutanen da ba sa noma. Bayan 'yan shekaru aka buɗe Kantin Tauraro a bakin titin Gusau. Kamfani ne mai rassa, an ce suna Funtuwa, suna Kaduna, suna wasu wurare. Mu dai Mai Gilashi muke ce masa. Janareta, fanka, firji, kaya a jere har rufi, kowanne da farashi manne a jikinsa. Sukarinsu ya fi na kasuwa araha, ba ƙarya. Cikin shekara guda Maitama mai tireda ya rufe ya koma kabu-kabu, wasu uku a layinsa suka bi shi. Gishiri da sabulun Jatau suka yi ta shan rana a tebur. Ni ma can na koma saye. Ba zan ɓoye ba.

Har iri suka kawo. A leda, an shafa masa jan magani, ga hoton zangarniya a jiki tsawon hannun ƙato. Ba wanda zai tambaye ka ina gonarka. Ka ɗauka, ka biya, yaron kanti ya ce ka gai da gida.

Shekarar da nake son ba da labarinta ita ce ta biyu da ƙaddamar da Shari'a. Bazara ta yi tsawo, hatsi ya yi tsada, gidaje da yawa sun koma cin abinci sau ɗaya. Mutane kuma zuciya a tsaye take, kowa yana son a ga an gyara kasuwa: a daina tauye mudu, a daina algus, a daina ɓoye abinci ana jiran tsada. Har 'yan kasuwa da masu unguwa suka kafa wani ɗan kwamiti na sa ido, suka ɗora Malam Abdulrahman a kai. Malami ne ɗan gidan malamai, mai gaskiya, ba ya cin na kowa. Sai dai tun da yake bai taɓa riƙe sungumi ba.

Wata Talata da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta ɗebe kwanonin rumfuna, aka yi tsawa, ruwa ya sauko da ƙarfi kamar za a kwana ana yi. Kafin magariba ya ɗauke. Washegari muka yi dafifi a rumfar Jatau, kowa da buhunsa. Muka tarar da shi zaune a benci, ƙofofin nan biyu a kulle.

Wani ya ce, "Baba Jatau, buɗe muna. Ruwa ya sauka."

"Wane ruwa?"

"Wanda yaj jiƙa ka jiya kana gudu da buhun gishiri bisa kai!"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ɗaga yatsu biyu.

"Nan danshi yat tsaya. Ƙarƙashi zahi awa murhu. In kunka zuba iri ga wanga, za shi tsira shi ƙone. Ba ni buɗewa."

Ni ne na matso. Na ce, "Malam Jatau, gonata ta ko taka?"

"Gonarka ta, Tambari. Iri ko nau na, sai na auna maka shi zama naka. Ku yi haƙuri kwana kaɗan."

"Haƙuri ko jiran tsada?"

Ya dube ni. Shekara ashirin ina sayen iri a hannunsa. Ya ce, "Kai ka hwaɗi wanga?"

Muka juya gaba ɗaya muka nufi Mai Gilashi. Manajan, wani saurayi mai fara'a da ake kira Abbati, ya sa aka fito da kwalayen iri har bakin ƙofa. Ba mugun mutum ba ne, aikinsa yake yi. Amma ya faɗi wata magana yana dariya, ya ce, "Mu nan ba ma ɓoye wa Musulmi kaya. Abin da muke da shi ga shi a fili." Wannan maganar ita ta zaga kasuwa. Kafin azahar irin ya ƙare ƙaf. Muka shuka ranar da washegari.

Da a nan muka tsaya da sauƙi. Ranar Juma'a bayan an sauko, mu uku muka sami Malam Abdulrahman muka ce akwai wanda ya cika ɗaki biyu da hatsi ya kulle, mutane na kwana da yunwa. Ni ne na yi magana. Na san iri ne. Amma haushi ya rufe mini ido, sai na ce hatsi.

Asabar da hantsi Malam ya zo da samarin kwamitinsa. Ya yi sallama cikin ladabi, ya ce a buɗe ya gani. Jatau ya buɗe ƙaramin ɗakin. Dammuna rataye tun daga ƙasa har azara, kusan duka masu jan tsumma. Samarin suka yi kabbara.

"Allah shi gafarta Malam, iri na," in ji Jatau. "Ba abinci ba."

Malam ya ce, "Malam Jatau, in iri ne, ga shi an yi ruwa, kowa ya shuka, kai ka hana. In abinci ne, ga mutane da yunwa, kai ka kulle. Ta wace fuska zan bar shi?"

Ka ga, tambayar ba ta wauta ba ce. Kuma mu da muka san amsar muna tsaye muka yi shiru.

Aka kwashe ƙaramin ɗakin. Aka kira mata suka shimfiɗa tabarmi nan tsakiyar layin, suka sa turmi da taɓarya. Jatau yana tsaye yana kallo ana sussuke zangarniyun da ya bi kunya-kunya ya zaɓa. Aka sheƙe, aka auna wa mutane tiya-tiya a farashin rahusa, aka miƙa masa kuɗinsa cif, ba a ci masa ko kwabo ba. Ya ƙi karɓa da hannunsa, sai a teburin aka ajiye masa. Da aka juya kan babban ɗakin, Sarkin Kasuwa ya sa baki, ya ce dattijo ne, a ba shi dama ya sayar da kansa. Malam ya ce kwana bakwai. Asabar mai zuwa in an tarar da kwaɗo a ƙofar, za a fasa.

A babban ɗakin nan ne gajeren geron Galadi da na Zurmi suke, wanda ke nuna cikin kwana saba'in da 'yan kai. Duk wanda ya makara da shuka a ƙasar nan, shi ne abin da zai cece shi. In aka cinye shi, ba wani a ko'ina.

Kwanakin nan bakwai ban so a ce mutum ya gan su ba. Wani ya rubuta masa da gawayi a ƙofa: mai ɓoye abinci. A masallaci na kusa da shi a sahu ya riƙa matsawa. Matarsa Dije ta je barkar haihuwa, mata suka amsa gaisuwarta a daƙile. Ita ta ba ni labari daga baya da bakinta, ta ce ta dawo ta same shi yana alwala, ta tsaya a kansa.

"Malam, buɗe musu ɗakin ga su cinye, kowa shi huta. Kai kaɗai ka san Allah cikin garin ga?"

"Ba ni kaɗai ba."

"To mi kaka tsaro? Mutanen da sunka kira ka azzalumi?"

"Su nika tsaro."

"Wallahi ban taɓa ganin taurin kai irin naka ba. Jakin Maitama ma in an dake shi yana tahiya."

"Shi an dake shi. Ni ba a kai ga duka ba tukuna."

Ta ce sai ta rasa ko ta yi dariya ko ta yi kuka. Da safe ita ta naɗe masa tabarma da buta. Ya kai su bakin babban ɗakin ya shimfiɗa, ya jingina bayansa da ƙofar. Nan yake wuni. Sallah kaɗai ke tashinsa.

Ni kuwa ina gonata. Kwana uku da shuka irin ledan nan ya fito, layi-layi, kore shar, ban taɓa ganin tsiro mai kyau haka ba. Ba zan yi wa irin ƙarya ba, mai kyau ne. Na ce to, ga tsohon nan ya ji kunya. Sai sama ta washe fes. Rana ta buɗe. Kullum da yamma mu duba gabas, ba ko gizagizai. Ran Laraba ganyen ya fara naɗewa. Ran Alhamis na tsuguna na taɓa ɗaya, ya murmushe a yatsana kamar taba. Na bi gonar tun daga kai har gindi, ba rami ɗaya mai rai.

Na hau mota na zo Kaura, kai tsaye Mai Gilashi. Inda kwalayen iri suke, na tarar an jera lema da takalman roba.

Na ce wa Abbati, "Manaja, iri nika so. Shukata ta ƙone."

Ya ce, "Ayya, Baba, sannu. Ai iri ya ƙare tun ranar."

"To a kawo wani."

"Ba ni ke kawowa ba. Daga Kaduna ake turo mana kaya, kuma a takardarsu lokacin iri ya wuce. Yanzu kayan damina ne. Ga lema mai kyau, an rage mata kuɗi."

Na tsaya ina kallon lemar nan. A waje rana kamar ta fasa kai. Na ce ya buga musu waya. Ya ce zai rubuta, wataƙila mota ta zo bayan sati uku, wataƙila sai baɗi. Ba wanda zan kama in yi wa faɗa. Mai kantin ban san sunansa ba, ban san fuskarsa ba, shi ma bai san akwai wani gari wai shi Ɗan Isa ba.

Daga nan zuwa gidan Malam Abdulrahman ba nisa. Da na je na ce Malam, ƙarya na yi, da an gama. Ban je ba. Kunya ta hana ni. Na wuce ta bayan layin don kada Jatau ya gan ni.

Asabar ta zo, ba ruwa. Tun hantsi layin ya cika. Wasu manoma ne irina da shukarsu ta ƙone, suna tsaye baya-baya ba mai kallon wani. Amma mafi yawa mutanen gari ne da kwanoni da buhuna, sun ji za a sayar da gero da rahusa, kuma yunwarsu ta gaskiya ce. Matan sussuka sun riga sun kafa turame. Jatau na zaune a tabarmarsa, baya jingine da ƙofa, carbi a hannu. Sai ga Malam da samarinsa, ɗaya riƙe da guduma.

Malam ya ce, "Malam Jatau, kwana bakwai sun cika."

"Sun cika, Allah shi gafarta Malam."

"Ba ni makulli. Ba na son a fasa maka ƙofa."

"Ba ni bayarwa. In za a hwasa, sai an ɗauke ni."

Taro ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce a ɗaga shi. Samari biyu suka matso, suka tsaya suna duban Malam, don ba mai son ya fara taɓa mai furfura. Sai wata tsohuwa ta ratso mutane da ƙwarya a kai. Fatimatu ce, daga Galadi, mijinta ya rasu ya bar ta da gona da jikoki. Motar 'yan kasuwa ta biyo tun da sassafe. Ta sauke ƙwaryar a gaban Malam. Ƙonannen tsiro ne cike, kamar shara.

Ta ce, "Malam, ga shukar Galadi. Duk garin haka take. Abin da ke cikin ɗakin ga, daga gonata anka yanki wani, ni na san shi. In kunka ci shi yau, mi za mu zuba ran da Allah yab ba da ruwa? Tsakuwa?" Ta juya ta dube mu. "Ku kuma ƙattin banza, kun yi tsaye awa turaku. Ba manoma ba ne ku? Ba ku da baki?"

Jatau ya miƙe. Ya ce, "Malam, abu guda nika roƙo, sannan ka yi hukuncinka. Zo ka sa hannunka ga ƙasa."

Malam ya dubi ƙasar. Farar riga ce a jikinsa, sabuwar guga. Amma na gaya maka mai gaskiya ne. Ya tattare rigar, ya durƙusa nan gindin rumfar inda rana ba ta bugu sosai, ya fara tono da yatsu. Ya tona, ya tona, har hannunsa ya shige. Ya ciro ƙasa ya matse ta a tafinsa, ya buɗe, ta zube kamar gari.

Ya ce, "Da zafi."

"Haka take tun ran Laraba waccan. Wanda duk yash shuka ya yi hasara. Abin da yar rage ma ƙasar ga, daga nan har Shinkahi, shi na bayan ƙohwar ga."

Malam ya miƙe yana kakkaɓe hannu. Ya ce, "An gaya mini hatsi ne. Ina wanda ya kawo ƙara?"

Abokan tafiyata biyu tuni sun sulale. Fatimatu na kallona, ta san ni. Na fito.

"Ni ne, Malam."

"Kai manomi ne?"

"Manomi ne."

"Da ka zo wurina, ka san iri ne?"

"Na sani."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ka sa na yi zalunci da hannuna, ina zaton gyara nake." Ya juya ga Jatau a gaban kowa ya ce ya yafe masa. Sannan ya aika aka sayo sabon kwaɗo, ya ƙara a kan na Jatau, ya sa makullin a aljihunsa. Ya ce ƙofar nan ba mai taɓa ta sai ranar da mai ita ya ce.

Kada ka ɗauka an watse ana murna. Wani magidanci ya buga kwanonsa a ƙasa ya ce 'ya'yansa jiya ba su ci ba, shi a ba shi amsa. Malam ya ce zai bi masu hali a tara abin da ya samu, ya kuma bi, amma bai kai ko'ina ba. Mutane suka tafi suna tsinuwa. Kwana tara aka ƙara ba ɗigo. Kwana tara Jatau na zaune a ƙofar nan, ana wucewa ana tofar da yawu. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Da ruwan bai zo ba, ban san abin da za a yi masa ba.

Ran Litinin da azahar ya sauko, ba iska, ba tsawa, ya yi ta zuba har bayan la'asar. Da safe Jatau ya cusa hannu cikin ƙasa, danshi ya kai wuyan hannu, ya aika a kira Malam da makullinsa. Kwana huɗu ana sussuka ana aunawa. Farashin bara ya sayar, bai ƙara ko sisi ba. Kuma duk da layin ya kai bakin kwata, bai fasa tambayarsa ba: ina gonar, jigawa ko laka. Mai babbar gona da ya nemi buhu sai ya ba shi rabi, ya ce akwai na bayanka. Da layi ya zo kaina na kasa ɗaga ido. Ya ce, "Tambari, ta bakin rafi ko ta tudu?" Na ce ta tudu. Ya auna mini mai shuɗin tsumma. Shi ke nan abin da ya ce da ni, har yau bai tayar mini da maganar ba.

An yi girbi shekarar. Ba mai yawa ba, amma an yi. Geron Fatimatu ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Da yawa daga waɗanda suka tofar da yawu, tuwon geron nan suka ci har wata damina.

Malam Jatau, na Dije, ƙi-buɗe. Kai ne ka ce mana a'a ranar da kowa ke ce mana i. Kai ne ka san gonar kowannenmu fiye da 'ya'yan da za su gaje ta. Mai Gilashi bai cuce mu ba, abin da muka nema ya ba mu, a lokacin da muka nema. Amma ba wanda ke cikinsa da zai zauna kwana goma sha shida a bakin ƙofa ana zaginsa saboda amfanin masu zagin. Shi in shekara ta ɓaci sai ya sauya kayan kanta. Kai in ta ɓaci, tare muke kwana da yunwa, tare muke binne yaranmu.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Abin da ke cikin ƙaramin ɗakin nan maiwar Ɗan Isa ce, ta garinmu, wadda uwata ke dama fura da ita. Mu mun cinye tamu da bazara don mun san kana da ita. Kaka uku ka yi kana nemanta, har Jibiya, har ƙetaren iyaka, ba ka samu ba. Ta ƙare. To ranar da aka sussuke ta, ina cikin waɗanda suka saya. Tiya biyu. Aka yi tuwo a gidana, yana ɗacin bedi, muka ci muka sha ruwa. Ka yafe mini. Na so in faɗa a gabanka bakina ya ƙi, shi ya sa na rubuta, Bilyaminu ya karanta maka a ji.

Mun gode. Allah ya saka maka, ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma mutanen Kaura da Shinkafi da Zurmi, magana ɗaya gare ni. Iri kwana goma ake sayar da shi a shekara. Sauran kwanakin, gishiri da sabulu da ashana ke riƙe da rumfar nan. Bilyaminu ya gaya mini ranar kasuwar da ta wuce mutum shida suka tsaya a teburinsa, kuma wani ya riga ya yi masa maganar kabu-kabu. In ya rufe, ba wanda zai bi kunya-kunya ya zaɓa muku zangarniya. Ban ce kada ku shiga Mai Gilashi ba, ku shiga ku sha fanka. Amma gishirin miyarku ku saye shi a hannun wanda zai zo jana'izarku. Bambancin bai kai kuɗin goro ba.

Ni gobe zan je rumfar Bilyaminu sayen gishiri da jakata. Wanda ya ga ya fi ni laifi ko ya fi ni gaskiya, duk ya same ni a can.